Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Duk wanda ya taɓa tsayawa jiran mota a Gidan Mutum Ɗaya ko a tashar Kankiya ya san 'yar rumfar nan da ba a rasa irinta a kowace tasha ta ƙasar Hausa. Teburi ne guda, da kwamfutar da ƙura ta rufe, da lasifika mai tsage kunne, sai wani saurayi a zaune yana karɓar wayoyin mutane yana zuba musu waƙoƙi. Ka miƙa masa 'yan nairorin da ba su kai kuɗin kwanon fura ba, ya cika maka memori da Shata da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya da Barmani, har ya yi maka gyara da na yaran zamani. Mai shayi na gefe ya saki Bakandamiya, direba ya saki Ɗan Anace, kowa yana kaɗa kai yana cewa Allah Ya jiƙan maza. To, Allah Ya jiƙan su, amin. Amma tambayar da ta sa muka ɗauki alƙalami ita ce: a cikin kuɗin da muryoyin mutanen nan ke jawowa dare da rana, kwabo nawa ne ke isa gidajensu?

Mun san wani zai ce ina ruwan mujallar marubuta da maganar makaɗa. Da ruwanta, har da tsaki. Waƙoƙin mutanen nan su ne muke karantarwa a aji da sunan adabin baka. A kansu aka rubuta kundaye a jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato, a kansu mutane suka sami digiri da ƙarin girma. Jami'ar Ahmadu Bello da kanta ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa na dakta a 1988. Mu kuwa mutanen Kusada abin ya fi kusa da mu, domin Shata ɗan Musawa ne, a can aka haife shi a 1923, kuma a shekarun 1970 ya ci zaɓen kansila a Ƙaramar Hukumar Kankiya, lokacin da mu da Musawa duk muke ƙarƙashinta. Bayan wannan, Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Wuƙar da ta yanka mawaƙi ita ce ke jiran marubuci.

Bari mu faro daga tushe. Kafin zuwan garmaho, waƙa ba ta rabuwa da bakin mai ita. Wanda ke son jin Narambaɗa sai ya tafi Isa, fadar Sarkin Gobir, ya tsaya a rana tare da jama'a. Wanda ke son kiɗan noma a gonarsa sai ya kira gayya, ya kira makaɗi, in kaka ta yi ya kai masa damin gero. Mawaƙin fada yana samun doki da riga da hatsi, daga baya aka koma kyautar mota da kujerar Makka. Wannan tsari yana da nasa aibin, tunda bakin mawaƙi a hannun ubangidansa yake. Amma yana da wata fa'ida guda: babu mai iya sayar da muryar mutum a bayan idonsa. In makaɗi bai buɗe baki ba, babu waƙa, babu ciniki.

Na'urar ɗaukar magana ita ta rushe wannan. Sai ga shi ana kama murya sau ɗaya a sayar da ita sau dubu goma, mai ita yana gida yana barci. Ɗaukar nan ta farko, wadda daga ita ake buga sauran, ita ce uwar faifai, wadda 'yan kasuwar Kano ke kira masta. Duk rigimar mawaƙa da kamfanoni a duniya, jiya da yau, a kan wannan uwa take. Kowane Bafulatani ya san cewa wanda ya riƙe saniya shi ke da garke, wanda aka sam wa nono a ƙwarya kuwa, da ya shanye shi ke nan.

A shekarun 1960 da 1970 manyan kamfanonin da suka riƙe wannan kasuwa a Nijeriya na Turawa ne: EMI da Decca na Ingila, da Philips na Holan wanda harkar waƙarsa ta koma Polygram. Dukkansu a Legas suka kafa sansani. EMI shi ya buga fayafayan Shata da na wasu manyan makaɗan Arewa. Ciniki irin wannan kuwa, ko'ina a duniya, hanya biyu yake bi. Ko dai a biya mawaƙi kuɗi dunƙule sau ɗaya ya tafi, ko a yi masa alkawarin wani ɗan kaso a kan kowane faifai da aka sayar. A duk hanyoyin biyu kamfani ke riƙe uwar faifai, shi ke bugawa, shi ke sayarwa, kuma shi ke riƙe littafin lissafi. Wato mai awo shi ne mai mudu, shi ne kuma mai shaida. Takardar yarjejeniyar da Turancin lauyoyi ake rubuta ta, irin wanda mu da muka yi karatun boko ma sai mun nemi ƙamus, balle mutumin da ya tashi da kalangu a hammata.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙorafin ƙauyawa ne kawai. Dubi waɗanda suke zaune a bakin ƙofar kamfanonin. King Sunny Ade, sarkin kiɗan juju na Yarbawa, ya saɓa da kamfanin African Songs na Cif Bolarinwa Abioro tun tsakiyar shekarun 1970 a kan ƙanƙantar kasonsa, har suka je kotu, ya fita ya kafa nasa kamfanin. Duk da haka iyayen fayafayansa na farko suka ci gaba da zama a hannun wasu. Ya sake shigar da ƙara a 1997, ba a yanke hukunci ba sai 2015, lokacin da Babbar Kotun Tarayya ta Legas ta ce a biya shi diyyar naira miliyan 500. Shekara 18 ke nan ana sintiri a kotu, ga mutum mai suna da kuɗi da lauyoyi. Shi kansa kamfanin Island na Ingila da ya ɗauke shi a 1982 ya kai shi duniya, bayan faifai uku ya sallame shi, da ya ga cinikin bai kai yadda ya yi zato ba. Fela Anikulapo Kuti kuma, bayan sojoji sun ƙone gidansa a 1977, sai da ya kwashi jama'arsa suka tare a ofishin Decca na Legas saboda rigimar kuɗin fayafayansa.

Mafi ban tausayi shi ne labarin Solomon Linda, Bazulu na Afirka ta Kudu. A 1939 ya rera waƙarsa Mbube a ɗakin ɗaukar murya na kamfanin Gallo a Johannesburg, aka sallame shi da sule goma. Waƙar ta ƙetare teku, Amurkawa suka sake mata riga, ta zagaya duniya, har ta shiga fim ɗin The Lion King na kamfanin Disney a 1994. Shi kuwa Linda ya rasu a 1962 cikin talauci. Sai a 2006, bayan an kai ƙara, aka yi sulhu da 'ya'yansa. Idan haka ta faru ga waƙar da duniya ta san mai ita, ina ga ta mai kukuma ko mai gurmin da aka ɗauka a wajen biki ba tare da an ko tambayi sunan mahaifinsa ba?

Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 Turawan suka naɗe tabarmarsu. Shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida a 1986 ya karya darajar naira, kaset ya kashe kasuwar faifai, masu satar fasaha suka cika gari. Harkar EMI ta koma hannun 'yan ƙasa da sunan Ivory Music, ta Polygram ta zama Premier. Ɗakin ajiyar fayafayai kuwa yana bin kamfani duk inda ya koma, kamar yadda ɗorawa da kuka ke bin gona idan an sayar da ita. Mai murya ba ya cikin cinikin.

A lokacin wasu sun yi murna, suka ce Bature ya tafi, yanzu namu zai ci namu. Ai kuwa namu ya ci namu, amma ba irin cin da ake nufi ba. An gudu ba a tsira ba. Duk mai rikoda biyu da kwalin kaset ya zama kamfani. A ɗauki waƙa a wajen biki ko daga Rediyon Kaduna, a manna hoton mawaƙi a bango, a baza a Bata da Ƙofar Wambai a Kano, daga can 'yan sari su kai ta kowace kasuwar ƙauye har Maraɗi da Damagaram. Da finafinan Hausa suka kankama bayan Turmin Danya na 1990, musamman daga Sangaya na 1999, sai waƙar fiyano ta zama ita ce gishirin fim. Mawaƙi ya shiga situdiyo a biya shi kuɗin aikin yini, mai fim ya sayar wa ɗan kasuwa, jarumi ya motsa baki a talabijin ya kwashe suna, mai muryar yana can yana neman kuɗin acaɓa. Marubutan da suka kai littattafansu kasuwa a shekarun 1990, suka bayar bashi, suka yi ta zarya ana ce musu ba a sayar ba tukuna, sun san ɗanɗanon wannan miya. Daga kaset aka koma sidi, daga sidi aka koma memori, har ɗan kasuwar ma ya sami wanda ya fi shi, wato saurayin nan na rumfar tasha.

Ba daga littafi muka ɗauko duk wannan ba. Akwai wani yaro da muka karantar a sakandare, Allah Ya hore masa murya da iya tsara baiti, tun yana aji uku shi ke yi mana waƙar ranar bayar da kyaututtuka. Da ya gama makaranta ya yi noman rani, ya sayar da ragon da mahaifiyarsa ta kiwata masa, ya shiga mota sai Kano. Ya sami wani mai situdiyo, ya biya kuɗin kiɗa da na ɗauka daga aljihunsa, aka yi masa waƙa uku. Mai situdiyon ya tura masa kwafi a waya, ya ce ya bari zai tallata masa a intanet, tunda shi ke da tasha mai mabiya. Yaro ya yi godiya har da durƙusawa. Bayan wata shida ɗaya daga cikin waƙoƙin ta karɓu, ana jin ta a gidajen biki daga Yashe har Katsina. Da ya koma neman nasa rabon sai aka ce masa ai an fito da shi duniya ta san shi, me kuma yake so? Ya ce to a ba shi uwar waƙarsa. Aka ce kwamfuta ta lalace. Da ya zo mana da kuka muka tambaye shi takarda, babu. Shaida, babu. Ko rasiɗin kuɗin da ya biya, babu. Yau waƙar tana nan a tashar wancan mutum, ana sa mata talla ana karɓar kuɗi, yaronmu kuwa yana gyaran waya a bakin titi. Tsakaninsa da Solomon Linda shekara fiye da 80 ne, amma darasin bai canza ko wasali ɗaya ba.

Manyan kamfanonin kuma sun dawo. Yanzu uku suka rage masu juya kasuwar duniya: Universal, wanda ya haɗiye EMI a 2012, da Sony, da Warner. Sony ya buɗe ofis a Legas a 2016, Universal ya bi baya a 2018, Warner ya ƙulla da Chocolate City a 2019, a 2024 kuma Universal ya sanar da sayen kaso mafi tsoka na kamfanin Mavin. Ga kuma rumbunan sauraron waƙa na intanet irin su Spotify da Boomplay da Audiomack da YouTube. Spotify kaɗai ya bayyana cewa abin da waƙoƙin 'yan Nijeriya suka samu a wurinsa a 2024 ya haura naira biliyan 58. Wannan kuɗi hannun wanda ya ɗora waƙar yake fara shiga, wato mai riƙe da uwa, ko wanda ya yi da'awar shi ke riƙe da ita. Mai karatu ya buɗe YouTube ya rubuta sunan kowane tsohon makaɗin Hausa, zai ga tashoshi barkatai, kowa ya ɗora abin da ya tsinta. Sa'an nan ya je ya tambayi iyalan makaɗin ko an taɓa yi musu sallama.

Masu kare wannan hali suna da hujjoji uku, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji su ba. Ta farko, suna cewa ba don kamfani ba da muryoyin nan sun bi iska. Shi ya kawo na'ura, shi ya zuba jari, shi ya ɗauki asara idan faifai bai karɓu ba. Wannan gaskiya ne, kuma ba mu ce kamfani ya yi aikin sadaka ba. Mai jari ya ci ribarsa, halal ce. Amma a ina aka taɓa jin mai injin niƙa ya riƙe hatsin mutum har abada don shi ya niƙa? Wanda ya ba da aron garma yakan karɓi ladansa ne, gona tana nan ga mai ita. Kuma an ga inda aka yi cinikin da mutunci. Wani ƙaramin kamfani na Amurka mai suna Sahel Sounds ya tattara waƙoƙin da ke yawo a wayoyin mutanen Sahara ya fitar da su a 2011, amma sai da mai kamfanin ya bi sawun mawaƙan ya nemo su aka yi rabon kuɗi da su. Ta nan Mdou Moctar na Nijar ya fara fita duniya. Abin da ƙaramin kamfani ya iya, babba ba shi da uzuri.

Hujja ta biyu, suna cewa ai Shata bai mutu matalauci ba, ya hau motoci, ya gina gidaje, ya yi kyauta. Haka ne. Amma wadatar mutum ba ta halatta cin haƙƙinsa. Kuma Shata nawa gare mu? A bayan kowane Shata akwai makaɗa ɗari da suka tsufa, murya ta dushe, masu yi musu kyauta suka mutu, suka koma sai an taimaka musu da kuɗin magani alhali kasetsu na kaɗawa a kowane shago. Kyauta tana bin ƙarfin mutum da ƙuruciyarsa. Haƙƙin mallaka shi ke ciyar da tsoho da maraya. Wanda ya ce mawaƙinmu ya dogara da kyauta kaɗai, to ya yanke masa hukuncin zama ɗan amshin masu mulki, domin a yau wanda ke iya kyautar mota ɗan siyasa ne. Muna kukan cewa waƙar Hausa ta koma tallar 'yan takara da zagin abokan hamayya. To me muke so su ci? Mun toshe musu ƙofar kasuwa, muka bar musu ta gidan gwamnati kaɗai a buɗe.

Hujja ta uku ba a cika faɗinta a fili ba, amma ita ce uwar sauran. A zuciyar Bahaushe mawaƙi maroƙi ne, maroƙi kuwa ba ya bin bashi, abin da aka ba shi alheri ne. Wasu kuma su fake da addini su ce ai kiɗa ba sana'ar kirki ba ce. Hukuncin kiɗa mun bar wa malamai, su suka san saɓanin da ke ciki. Amma wanda ya ɗauki abu haramun, sai ya nisance shi. Ba ya kwafe shi ya sayar ya ci kuɗin, sa'an nan ya tuna da haramcin ranar da mai abu ya zo karɓar nasa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disambar 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa, bai halatta a ta'adda a kanta ba. Kuma kar a manta, masu bege da masu wa'azi a waƙe, waɗanda ba su taɓa ganga ba, haka ake kwafe nasu. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kamfanin Bature bai koya mana raina mawaƙi ba, ya tarar da mu da rainin ne ya yi ciniki da shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin haushin shi ne doka tana nan. Bayan fafutukar ƙungiyar mawaƙa ta PMAN, gwamnatin soja ta kafa Dokar Haƙƙin Mallaka mai lamba 47 a 1988, aka kafa hukumar kula da ita a 1989. Wannan doka ta ce idan an ɗauki waƙa a faifai, mawaƙin da aka ɗauka da sunansa shi ne mai ita, sai fa in yarjejeniya ta ce ba haka ba. Ka ji inda gizo ke saƙa: layi ɗaya a takarda ya isa ya raba mutum da gumin rayuwarsa. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta maye gurbin waccan, har ta ba mai haƙƙi ikon neman a sauke aikinsa daga intanet idan an ɗora ba da izninsa ba. Sayar da haƙƙi kuma ba ya tabbata sai a rubuce. Amma dokar da mai ita bai san da ita ba, takobi ce a cikin kube. Ƙungiyoyin da ya kamata su riƙa karɓo wa mawaƙa kuɗi daga gidajen rediyo da otal-otal, wato MCSN da COSON, sun shafe shekaru suna shari'a da juna a Legas a kan wa ke da ikon karɓa. Makaɗin da ke Kusada ko Ingawa ko sunansu bai taɓa ji ba.

Lokaci kuma ba ya jiran mu. A doka, kariyar ɗaukar murya shekara 50 ce daga fitowarta. Faifan da ya fito a 1975 wa'adinsa ƙarshen 2025 ne, na 1980 kuwa ƙarshen 2030. Wato zamanin da aka fi ɗaukar manyan makaɗanmu yana fita daga kariya shekara bayan shekara. Amma ita waƙar kanta, baitocinta da karinta, tana da kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, nasa sai 2061. Shata ya rasu a 1999, nasa sai 2069. Barmani Choge ta rasu a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015, nasu ya zarce 2080. Wannan gado ne na 'ya'ya da jikoki, daidai da gona da gida. Shin a rabon gado nawa aka taɓa jin an lissafa waƙoƙin mamaci a cikin abin da ya bari?

To, kuka ba ya maganin yunwa. Ga abin da muke ganin ya rataya a wuyanmu, mu masu alƙalami. Na farko, ƙungiyarmu ta zauna da lauyoyin da ke cikinta a tsara takardar yarjejeniya ta shafi ɗaya da Hausa, a boko da ajami, a raba ta kyauta a kowane situdiyo. Ta amsa tambaya biyar kacal: wa ke da uwar waƙa, shekara nawa aka ba da izni, kaso nawa ne na mawaƙi, yaushe za a riƙa yin lissafi, su wa suka shaida. A koya wa yaranmu kalma ɗaya: haya, ba sayarwa ba. Wanda ya biya kuɗin situdiyo da aljihunsa kada ya fito sai da uwar waƙarsa a hannu da rasiɗi.

Na biyu, kowane reshe ya ɗauki nauyin ƙananan hukumomin da ke kusa da shi, a bi makaɗa da mawaƙa gida-gida, a rubuta sunayensu da na waƙoƙinsu da na 'yan amshinsu, a ɗauki muryoyinsu da izninsu, a bar musu kwafi, a ajiye wani a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina ko a Gidan Arewa na Kaduna. Doka ba ta kare waƙar da ke cikin kai sai an ɗauke ta ko an rubuta, makaɗanmu kuwa nan take suke ƙaga waƙa a tsakiyar taro. Malam Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun nuna mana hanya da littafin Shata Ikon Allah na 2006. Sauran makaɗa ma suna jiran nasu, tun ba a binne su da abin da ke kansu ba.

Na uku, iyalan marigayan su naɗa wakili ɗaya, su je ofishin Hukumar Haƙƙin Mallaka na Kano su yi rajistar abin da suka gada, su nemi kamfanoni da gidajen rediyon da ke riƙe da tsofaffin ɗauka su nuna takardar da ta ba su iko. Alƙalai da malaman da ke rabon gado su ma su fara tambaya. Na huɗu, yaran rumfunan tasha ba kamu ya dace da su ba, su ma abinci suke nema, kuma su ne ke kai waƙa inda kamfani bai taɓa zuwa ba. Suna da ƙungiya, to a zauna da ita a yanka wani abu da kowace rumfa za ta riƙa bayarwa duk wata, a raba wa masu haƙƙi a fili. Na biyar, mu da muka ci digiri da difloma a kan baitocin mutanen nan, mu ji kunya mu koma mu gaishe da iyalansu, mu kai musu ko da kwafin kundin ne.

Akwai kuma magana ɗaya da za mu gaya wa manyan mawaƙan zamani, waɗanda Allah Ya ɗaga suka buɗe nasu situdiyon. Kun sha bugu, kun san zafinsa. Kada ku zama gardawan ƙananan da ke tasowa, ko na makaɗa da 'yan amshin da ke bayanku. Wanda ya rubuta baiti a faɗi sunansa, wadda ta yi amshi a ba ta kasonta a rubuce. Idan kun yi wa na ƙasa da ku abin da aka yi muku, to ba ku da bakin kai ƙarar kowa.

Yaron nan namu ya sake tara kuɗi, yana shirin komawa Kano bayan kaka. Wannan karon mun zauna da shi mun rubuta masa takarda da hannu, tambayoyin nan biyar, da gurbin sa hannun shaidu biyu. Ya tambaye mu, in mai situdiyo ya ƙi sa hannu fa? Muka ce masa ya naɗe takardarsa ya nemi wani, Kano da faɗi take. Wanda ya ƙi rubutu ya riga ya gaya maka niyyarsa. Muna fata kafin fitowa ta gaba ta wannan mujalla shugabannin ƙungiya za su sa maganar a ajandar taro, domin takarda ɗaya daga Kusada ba za ta ishi dubban yaran da ke kan hanyar situdiyo ba. Allah Ya jiƙan makaɗanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin na raye. Wassalam.